Yadda Kwamitoci Ke Zaɓen Binciken Lafiyar da Za a Ba Kuɗi

A hukumar NIH ta Amurka, wadda ita ce hukumar gwamnati mafi kashe kuɗi kan binciken lafiya a duniya, an shafe shekaru da dama ana ganin cewa cikin kowace buƙata biyar da masana suka shigar suna neman tallafi, kusan ɗaya ce kawai ke samun shiga. Sauran huɗun ba duka ne marasa kyau ba. Da yawa daga cikinsu ƙwararru ne suka rubuta su, kan cututtukan da ke kashe mutane, kuma da za a sami kuɗin da za a aiwatar da su da an ƙaru. Saboda haka aikin kwamitin tantancewa ya wuce raba mai kyau da maras kyau; aikin nasa shi ne ya jera masu kyau a sahu, ya ce wannan ya fi wancan, alhali babu wanda ya san sakamakon binciken da ba a riga an gudanar ba.

Kafin kwamiti ya zauna ma an riga an yanke rabin hukuncin a wani wuri. Gwamnati ko gidauniya ce ke ƙayyade yawan kuɗin da za a ware, ita ce kuma ke raba shi tsakanin fannoni, ta ce kaza na sankara ne, kaza na cututtuka masu yaɗuwa, kaza na lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga nan sai hukumar ta fitar da sanarwar neman buƙatu, wani lokaci a buɗe, kowa ya kawo tambayar da ta dame shi, wani lokaci kuma a ƙuntace, a ce ana neman wanda zai yi aiki kan matsala guda da aka ambata. A Birtaniya akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ake danganta wa rahoton Haldane na 1918, wadda ke cewa 'yan siyasa na iya tsara manyan manufofi, amma zaɓen aikin da za a ba kuɗi ɗaya bayan ɗaya na masana ne. Ƙa'idar tana da kyau, sai dai ba ta hana wanda ke riƙe da jaka tasiri ba. A 1990 wata hukumar ƙasa da ƙasa kan binciken lafiya domin ci gaba ta nuna cewa ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin bincike ke tafiya ga matsalolin ƙasashe masu tasowa, waɗanda su ne ke ɗauke da mafi yawan mace-macen da za a iya kauce wa. Daga baya aka riƙa kiran wannan giɓi da "10 da 90", wato kashi 10 cikin ɗari kawai na kuɗin bincike ne ke tafiya ga cututtukan da ke jawo kashi 90 na matsalolin lafiya a duniya. Babu kwamitin da zai iya gyara irin wannan, komai adalcinsa, domin ba ya zaɓe sai daga abin da aka ajiye a gabansa.

Ita takardar neman tallafin doguwa ce. Mai nema zai bayyana tambayar da yake son amsawa, da abin da aka riga aka sani, da giɓin da ya rage, da hanyar da zai bi, da yawan mutane ko dabbobin da za a yi gwajin da su, da irin lissafin da zai yi amfani da shi wajen fassara sakamako, da tarihin aikinsa da na abokan aikinsa, sannan kasafin kuɗi dalla-dalla. Ma'aikatan hukuma ne ke fara dubawa don su tabbatar an cika sharuɗɗa, kuma a wannan mataki ana iya mayar da takarda saboda ta wuce adadin shafuka ko ta makara, ba tare da wani masani ya karanta layi ɗaya ba.

Wadda ta tsallake sai a tura ta ga kwamitin da ya dace da fanninta. 'Yan kwamitin masu bincike ne su ma, waɗanda ke da nasu ɗakunan gwaje-gwaje da ɗalibai, kuma a wani zagayen su ne za a tantance. Ana buƙatar kowanensu ya bayyana inda yake da alaƙa da mai nema: in jami'arsu ɗaya, ko sun yi rubutu tare kwanan nan, ko tsohon ɗalibinsa ne, to zai fita daga zauren idan an zo kan wannan takarda. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba duka 'yan kwamiti ne ke karanta kowace takarda da natsuwa ba. A tsarin NIH, alal misali, akan ɗora kowace takarda a kan mutum uku, su ne za su karanta ta ciki da waje, su rubuta sharhi, su ba da makin farko tun kafin ranar taro. Sauran za su dogara ne ƙwarai da abin da waɗannan ukun suka faɗa. Wannan ya sa sa'ar wanda takardarka ta faɗa hannunsa ba ƙaramin abu ba ce.

Me suke dubawa? Kalmomin sun bambanta daga hukuma zuwa hukuma, amma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Shin matsalar tana da muhimmanci, kuma idan an sami amsar akwai abin da zai sauya a fahimtar cutar ko a jinyar marasa lafiya? Shin akwai sabon abu a ciki, ko maimaici ne? Shin hanyar da aka tsara za ta iya kai wa ga amsa? Shin waɗannan mutane, a wannan wuri, da waɗannan kayan aiki, za su iya yin aikin? NIH ta daɗe tana ba da maki a kan ma'aunai biyar, sannan daga Janairun 2025 ta taƙaita su zuwa uku ga mafi yawan tallafinta: muhimmancin binciken, ingancin tsari da yiwuwar aiwatarwa, sai kuma ƙwarewa da kayan aiki. Na ukun ba a ba shi maki yanzu, sai dai a ce ya wadatar ko akwai giɓi, kuma manufar hakan ita ce a rage tasirin sunan mutum da na jami'arsa.

A aikace, tsarin binciken ne ya fi kayar da mutane, kuma nazarin da aka yi kan makin NIH ya nuna shi ne ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da makin ƙarshe. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Muhimmanci abu ne da za a iya jayayya a kai har dare ya yi, amma kuskuren tsari ana nuna shi da yatsa. Idan mai bincike ya ce zai gwada sabon maganin hawan jini a kan mutum arba'in, masanin ƙididdiga da ke kwamitin zai lissafa ya ga cewa ko da maganin yana aiki, mutum arba'in ba za su isa a ga bambancin ba, don haka kuɗin zai tafi a banza. Idan babu rukunin da za a kwatanta da shi, ko likitan da ke auna sakamako ya san wanda ya sha magani da wanda bai sha ba, ko an yi alkawarin tara marasa lafiya dubu a asibitin da ba ya ganin ɗari biyu masu wannan cuta a shekara, duk waɗannan ramuka ne da mai bita ke hangowa nan take. Akwai kuma batun kare mutanen da za a yi gwajin da su. Kwamitin kuɗi yana duba wannan, amma amincewar ƙarshe ta kwamitin ɗa'a ce, wanda shi daban yake, yana aiki da ƙa'idoji irin na Sanarwar Helsinki ta 1964, kuma samun kuɗi ba ya ba kowa izinin taɓa marar lafiya sai wannan kwamiti ya yarda.

Ranar taro, abin da aka saba yi a NIH har zuwa 2025 shi ne a ajiye kusan rabin takardun, waɗanda makinsu na farko ya fi rauni, ba tare da an tattauna su ba. Masu su za su sami sharhin masu bita ne kawai. Sauran sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai bita na farko ya gabatar, na biyu da na uku su ƙara, a buɗe fili, a yi muhawara ta 'yan mintuna a kan aikin da wani ya shafe watanni yana rubutawa. Daga nan ukun su sake faɗin makinsu, sauran 'yan kwamiti kuma kowa ya rubuta nasa a asirce, daga 1 zuwa 9, inda 1 ke nufin fice, 9 kuma ke nufin rauni ƙwarai. Wanda yake son ya ba da makin da ya fita daga iyakar da ukun suka shata sai ya bayyana hakan a fili. Ana ɗaukar matsakaicin makin a ninka shi sau goma, a sami lamba tsakanin 10 da 90. Saboda wasu kwamitocin sun fi wasu rowar maki, sai a mayar da lambar zuwa matsayi, wato a nuna inda takardar ta tsaya idan an kwatanta ta da sauran da wannan kwamiti ya duba a zagayen baya-bayan nan.

Kwamitin masana ba shi ne ke sa hannu a kan kuɗi ba. A NIH akwai mataki na biyu, majalisar ba da shawara ta kowace cibiya cikin cibiyoyin da hukumar ta ƙunsa, wadda ta haɗa masana da wakilan jama'a, sannan shugaban cibiyar ne ke da ta cewa a ƙarshe. Shekaru da yawa cibiyoyi da dama sun yi aiki da layin biya: a bi jerin daga sama ana ba da kuɗi har inda kasafin ya ƙare, a ja layi. Akan bar wani kaso domin a ɗauko wasu daga ƙasan layin, ko don suna cike wani giɓi, ko don masu su sababbin shiga ne da ake son a ƙarfafa. Abin lura a nan shi ne kasafin kuɗi ne ke ƙayyade inda layin zai faɗa. Takardar da ta yi nasara a shekarar yalwa tana iya faɗuwa a shekarar ƙunci ba tare da an canza wasali ɗaya a cikinta ba.

To, shin wannan tankaɗe da rairaya yana fitar da mafi kyau? Masu bincike sun juya ma'auninsu kan tsarin da ke tantance su, kuma abin da suka samu bai kwantar da hankali ba. A Ostireliya, Nicholas Graves da Adrian Barnett da Philip Clarke sun ɗauki makin da aka ba buƙatu sama da 2,700 a zagayen 2009 na hukumar binciken lafiya ta ƙasar, suka lissafa abin da zai faru in an yi la'akari da saɓanin da ke tsakanin masu ba da maki. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna kashi 61 cikin ɗari ba za su taɓa samu ba ko yaya aka juya, kashi 9 za su samu kullum, amma kashi 29 wani lokaci su samu, wani lokaci su rasa. A 2018 Elizabeth Pier da abokan aikinta sun ba ƙwararrun masu bita 43 takardu 25 na NIH, suka tarar kusan babu daidaito tsakaninsu kan makin da ya dace da takarda ɗaya. Sai dai dole a faɗi cewa duk takardun da aka yi amfani da su a wannan gwaji waɗanda aka riga aka ba kuɗi ne, wato duka masu kyau ne, kuma a nan ne gizo ke saƙar. A ɗaya ɓangaren, Danielle Li da Leila Agha sun bi diddigin tallafin NIH sama da 130,000, suka nuna a 2015 cewa waɗanda suka sami maki mafi kyau sun fi haifar da rubuce-rubucen da ake ambato da kuma ƙirƙirar da aka yi wa rajista. Shekara guda bayan haka Ferric Fang da Arturo Casadevall da Anthony Bowen suka sake duba bayanan, suka ce in an taƙaita ga waɗanda ke sahun gaba, makin ba ya hasashen komai sosai.

A ganina waɗannan sakamako ba sa karo da juna. Abu ɗaya suke faɗa ta fuskoki daban-daban. Kwamiti ya iya gane takarda mai rauni, ya kuma iya gane 'yan tsirarun da suka yi zarra. Abin da bai iya ba shi ne ya bambance tsakanin ta goma sha biyu da ta goma sha takwas a jeri, kuma abin takaicin shi ne layin kuɗi a daidai wannan wuri yake ratsawa. Lambar da ake bayarwa tana sa mutum ya ɗauka an auna abin da sikeli ne, alhali matsakaicin ra'ayoyi ne, kuma da an sauya mutum ɗaya cikin ukun da suka karanta da lambar ta motsa.

Wannan yana haifar da wata ɗabi'a da duk wanda ya san harkar ya san ta. Tunda kuɗin bai kai ga kowa ba, mai bita yana neman dalilin kayarwa ne fiye da dalilin ɗagawa, kuma mutum ɗaya mai shakka ya isa ya ja matsakaicin maki zuwa ƙasan layi. Aikin da kowa ya ce "babu laifi" sai ya doke aikin da mutum biyu suka yi matuƙar sha'awa, ɗaya kuma ya ce ba zai yiwu ba. Masu nema sun fahimci haka, don haka suke cika takardunsu da sakamakon farko, har ya zama sai ka kusa gama aiki kafin a ba ka kuɗin fara shi. Tarihin Katalin Karikó ya zama misalin da ake yawan kawowa: an yi ta ƙin buƙatunta na aiki kan mRNA, sinadarin da ke kai saƙon ƙwayoyin gado domin jiki ya haɗa furotin, har Jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi a 1995, sannan a 2023 ita da Drew Weissman suka karɓi kyautar Nobel saboda aikin da ya share fagen rigakafin korona. Bai kamata a yi saurin zargin kwamitocin wancan lokaci da makanta ba, domin a shekarun nan akwai matsaloli na gaske da ba a warware ba, kuma a kan kowace Karikó akwai ɗaruruwan ra'ayoyi masu ban sha'awa da ba su kai ko'ina ba. Amma labarin ya nuna irin kuskuren da tsarin ya fi saurin yi.

Sai kuma son zuciya, wanda sau da yawa mai shi ma bai san yana da shi ba. A 1997 Christine Wennerås da Agnes Wold, bayan sun bi ta kotu kafin a ba su takardun, sun nuna cewa a hukumar binciken lafiya ta Siwidin mace tana buƙatar ta ninka namiji aiki kusan sau biyu da rabi kafin a ba ta makin ƙwarewa daidai da nasa, kuma sanayya da ɗan kwamiti tana ƙara maki. A 2011 Donna Ginther da abokan aikinta sun gano cewa masana baƙar fata a Amurka suna ƙasa da fararen fata da maki 10 cikin ɗari wajen samun babban tallafin NIH, ko bayan an cire tasirin karatu da rubuce-rubuce da wurin aiki. Wani nazari na 2019 ya nuna wani ɓangare na giɓin yana da nasaba da batun da suka zaɓa, domin sun fi karkata ga binciken al'umma da rashin daidaito a kiwon lafiya. A Kanada, Holly Witteman da abokan aikinta sun tarar cewa idan an mai da hankali kan aikin da aka gabatar maza da mata kusan kunnen doki suke yi, amma idan an mai da hankali kan mutumin sai mata su koma baya. A Holan kuma an kwatanta matasan masana da suka tsallake layi da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da kusan babu bambanci tsakaninsu, aka ga cewa cikin shekaru takwas na farkon sun tara kuɗin bincike fiye da ninki biyu na na biyun, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne da yawa cikin waɗanda suka faɗi sun daina nema.

Akwai wata tambaya da ta daɗe ba a yi ba, wato ko abin da masana ke ɗauka da muhimmanci shi ne abin da ya dami marar lafiya. Wani nazari da aka wallafa a 2000 kan ciwon gwiwa na amosanin gaɓɓai ya nuna mafi yawan gwaje-gwajen da ake yi kan magunguna ne, alhali marasa lafiya da masu jinyarsu sun fi son a binciki abubuwa irin su motsa jiki da tiyata da hanyoyin rayuwa da ciwon. Irin wannan ne ya sa aka kafa ƙawancen James Lind a Birtaniya a 2004, wanda ke haɗa marasa lafiya da masu kula da su da likitoci su fitar da tambayoyi goma da suka fi buƙatar amsa a kan cuta guda. Hukumar NIHR ta ƙasar, mai ba da kuɗin binciken lafiya, tana zaunar da wakilan jama'a a kwamitocinta, tana kuma buƙatar mai neman kuɗin sabon gwaji ya nuna ya tattara duk binciken da aka riga aka yi kan batun, don kada a biya kuɗi a sake amsa tambayar da aka amsa.

Tsarin kansa yana cin dukiya. An ƙiyasta cewa rubuta buƙatun zagaye ɗaya kawai na 2012 a Ostireliya ya cinye lokacin masu bincike da ya kai shekara 550 na aiki, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na buƙatun ba su sami komai ba. Don haka hukumomi suke gwada wasu hanyoyi. Wasu suna neman gajeriyar takarda tukuna, sai wanda ya burge su a ce ya kawo cikakkiya. Gidauniyar Gates ta gudanar da wani shiri da ake nema da shafi biyu, a ɓoye sunan mai nema, a ba da dala 100,000 don a gwada ra'ayin. Cibiyar Howard Hughes ta zaɓi ta tallafa wa mutum na tsawon shekaru maimakon aiki guda, ta bar shi ya bi inda binciken ya kai shi, ko da yake wannan yana fifita wanda ya riga ya yi suna.

Hanyar da ta fi tayar da ƙura ita ce jefa ƙuri'a. A 2013 Majalisar Binciken Lafiya ta Niyu Zilan ta fara raba wani nau'in tallafinta, na ra'ayoyi masu kasada, ta wannan hanya: a cire sunaye, kwamiti ya tantance waɗanda suka cika sharaɗin kawo sauyi da yiwuwar aiwatarwa, sannan a zaɓi masu nasara a cikinsu ta hanyar ƙuri'a. Gidauniyar kimiyya ta ƙasar Suwizalan ta ɗauki wani salo mai sassauci, inda waɗanda suka yi fice suke samu kai tsaye, marasa ƙarfi a sallame su, ƙuri'a kuma ta raba gardama tsakanin waɗanda suka cunkushe a bakin layi har kwamiti ya kasa bambance su. Masu suka suna cewa wannan gudun nauyi ne, kuma zai yi wuya a gaya wa mai biyan haraji cewa an raba kuɗinsa da sa'a. Ƙorafin yana da ƙarfi a siyasance, amma ni ina ganin salon Suwizalan ya fi gaskiya, domin sa'ar tana nan a cikin tsarin tun da farko, a ɓoye cikin rabon masu bita da yanayin muhawara, kuma ƙuri'a ba ta san jami'ar mutum ko jinsinsa ko wanda ya koyar da shi ba. Iyakarta ita ce ba ta aiki sai a kan waɗanda kwamiti ya riga ya amince su shiga, don haka in son zuciya ya kayar da takarda tun a matakin tankaɗe, ba za ta taɓa isa wurin da ake jefa ƙuri'ar ba.